Bodin sabuwar Kia Tasman zai ɗauki kayan gwari kuwa?

Mai Tumatir (Mile 12):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san mota, musamman masu ɗaukar kaya a cikin garin nan na Legas. Sana'ata kai tumatir da tattasai da attaruhu daga kasuwar Mile 12 zuwa otal-otal da gidajen abinci a Ikeja, Victoria Island da Lekki. Har yanzu shatar mota nake ɗauka kullum, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin shata bai ƙara tsayawa wuri ɗaya ba. Wata rana ma direban ya ce ba zai fito ba, ga kaya na jira, ga masu otal suna ta kira. Don haka na yanke shawarar in mallaki a-kori-kura tawa.

Wani dillali ya turo min hotunan sabuwar motar da Kia ta fitar, Tasman, mai ƙofa huɗu, ya ce zai iya kawo min ita daga ƙasashen Larabawa. Motar ta yi min kyau ƙwarai. Amma ni ba kyau zan saya ba, bodi zan saya. A rana ta cika nakan kai kireti 35 zuwa 40. Shin bayanta zai ɗauke su a sawu ɗaya? Don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya, kuɗin ba ƙanana ba ne.

Ɗan Agege:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Wallahi motar nan ta haɗu. Na kalli bidiyonta, akwai matakala a kusurwar bamba ta baya don hawa bodi, akwai fitila a cikin bodin, har da soket na wuta. Kuma tana ɗaukar sama da tan 1. In kana da hali ka saya kawai, Allah ya sa alheri.

Injiniya (Ikeja):
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin a ce saya ko kar ka saya, bari mu ɗauki tef mu auna. An fara nuna motar nan a ƙarshen Oktoban 2024 a bajekolin motoci na Jidda, kuma ita ce shigar Kia cikin ajin su Hilux da Ranger. Awon da kamfanin ya bayar na bodin mai ƙofa huɗu shi ne: tsawo santimita 151, faɗi santimita 157, zurfi santimita 54. Suka ce duka yana cin lita 1,173. Nauyin da take ɗauka kuma yana tsakanin kilo 1,017 zuwa 1,195, gwargwadon samfurin da mutum ya zaɓa. Tana kuma iya jan tirela mai birki har kilo 3,500.

A cikin ajinta wannan bodi ne mai kyau, ba na musun haka. Sai dai akwai lamba ɗaya da dillalai ba sa faɗa wa mai saye, kuma ita ce ta fi shafar ka. Tayoyin baya suna yin tudu biyu a cikin bodi, ɗaya dama ɗaya hagu. Filin da ke tsakanin tudun nan biyu shi ne ainihin faɗin da kayanka za su zauna a ƙasa. A Tasman santimita 118.6 ne. Wancan 157 ɗin sai a gaban tudun da bayansa, ko a samansa.

Lita 1,173 kuma awo ne da zai amfani mai ɗaukar abin da ake zubawa, ko kaya masu laushi da ke shiga kowane lungu. Kireti ba ya lanƙwasa. Ka auna min kiretinka ɗaya, tsawo da faɗi, sai mu yi lissafin a nan kowa ya gani.

Mai Tumatir (Mile 12):
Na sa yaro ya auna yanzu. Tsawo 60, faɗi 40. In an cika shi da tumatir yana kai kilo 25. Masu otal sun fi son na kireti a kan na kwando, don ba ya dameji a hanya, shi ya sa na koma kansa gaba ɗaya.

Injiniya (Ikeja):
To ga inda matsalar take. Kireti biyu a jere ta tsawonsu suna buƙatar santimita 120. Uku a jere ta faɗinsu, su ma 120. Kai kuma 118.6 gare ka tsakanin tudun taya. Bai kai santimita 2 ba abin da ya hana, amma ya hana. Dole a tsakiyar bodin ka sa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su ci 100, sauran filin ya tafi a banza. In ka shimfiɗa katako a saman tudun don ka samu cikakken faɗin, za ka jera shida a hawa ɗaya, in an iya jeri sosai bakwai.

Yanzu raba 40 da bakwai. Hawa shida ke nan. Zurfin bodin kuma santimita 54 ne kacal, wato hawa biyu ne za su zauna a cikin bodi, sauran huɗun duk a sama suke, igiya ce kawai ke riƙe da su. Ka hau gadar Third Mainland da wannan tsaunin, kusan kilomita 12 a kan ruwa ga iska, ka taka birki sau ɗaya da ƙarfi.

Don kwatance, Ford Ranger da ta fito a 2022 tana da kusan santimita 122 tsakanin tudun taya, kiretinka biyu za su shiga. Amma tsawon bodinta ita ma mita ɗaya da rabi ne da 'yan kai, don haka ba ta fitar da kai daga hawa biyar ko shida ba.

Ɗan Agege:
Injiniya, ka yi haƙuri, amma wannan ai ba laifin Tasman ba ne. Duk mai ƙofa huɗu haka take, har Hilux da kowa ke yabo. Kuma kullum muna ganin Hilux a hanyar Ketu da Ojota an yi mata lodi ya wuce kan mota, tana tafiyarta lafiya. A je wurin mai walda ya yi mata keji na ƙarfe, a ɗaure kaya, shi ke nan. Mu 'yan Najeriya ba da littafin kamfani muke lodi ba.

Bakanike (Ladipo):
Ƙanena Ɗan Agege, waɗannan da kake gani suna tafiya lafiya, wurinmu suke ƙarewa. Ni nake canja musu sifirin da shokozoba, ni nake ganin shasi ya tsage a daidai inda kan mota ya haɗu da bodi. Kai kana ganinta ranar da take tafiya, ni ina ganinta ranar da aka janyo ta.

Alhaji, ga abin da mutane da yawa ba su gane ba. In kamfani ya ce mota na ɗaukar tan 1, wannan lissafin har da direba, har da duk wanda ke zaune a ciki, har da kejin da mai walda zai ɗora, har da jarkar mai da ka ajiye. Ba tan 1 na kaya zalla ba ne. Ka ɗauki kilo 1,017 ɗin nan. Kai da yaron mota ku ce kilo 140. Keji da katakon shimfiɗa ku ce kilo 60, in ma bai fi ba. Saura wajen 800, kireti 32 ke nan. Ranar da ka cika kujerun nan biyar da manya, kilo 350 sun tafi tun ba ka ɗora ko tumatir ɗaya ba.

Wani abin kuma, a mai ƙofa huɗu tayar baya tana can kusa da gaban bodin, don ɗakin fasinja ya cinye wurin. Mafi yawan bodin yana bayan taya. In ka tara nauyi kusa da ƙofar baya, gaban motar yakan yi sama, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, birkin gaba ya rage kamawa. Shi ya sa duk mai irin motar nan nake ce masa, mai nauyi ya fara shiga, a manna shi da kan mota, mara nauyi ya zo ƙarshe.

Masu gini su ma su ji. Kar wanda ya ga lita 1,173 ya cika bodin da yashi. Yashin da zai cika shi ya doshi tan 2. Siminti buhu 20 ya riga ya kai tan 1, tankin ruwa mai lita 1,000 shi ma haka.

Alhaji Na Alaba Rago:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ina ta karanta ku. Mu da muka fara sana'a da Fijo 404 da 504 a-kori-kura da ake haɗawa a Kaduna, abin da ake kira a-kori-kura yanzu yana ba mu mamaki. Waccan kujera ɗaya ce a gaba, sauran duk bodi. Babban mutum zai kwanta a bayanta ya miƙe ƙafa a rufe ƙofa. Da ita muke kai raguna gidajen mutane lokacin babbar Sallah, da ita ake ɗauko dusa da harawa. An yi ta don kaya, mutum shi ne ƙari.

Na yanzu an juya abin. An yi su don mutum, kaya ne ƙari. Kujerun fata, allon talabijin a gaba, sanyi ta ko'ina, sannan ɗan akwati a baya. Ban ce ba su da amfani ba. Ɗan kwangila da zai ɗauki ma'aikatansa huɗu da janareta ɗaya, ta yi masa daidai. Amma wanda abincinsa ke cikin bodi, me zai yi da kujerun baya? Mita ɗaya ta mota ce zai biya kuɗinta, ya sha mata mai, tana yawo ba kowa a kai.

Bakanike (Ladipo):
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Maganarka haka take. Abu ɗaya zan ƙara don kar matasa su ɗauka tsohuwar ta fi ta yanzu a komai. Birkin na yanzu da jakar iska da ƙarfin inji, Fijo ba ta kama ƙafarsu ba. In hatsari ya faru a hanyar Ibadan, gara a ce kana cikin ta yanzu nesa ba kusa ba. Abin da ya ragu shi ne bodi, shi ma don mutane sun fi sayen mai ƙofa huɗu ne. Mai ƙofa biyu tana nan ana yin ta, dillalanmu ne ba sa kawo ta da yawa saboda ba ta da farin jini a wurin manya.

Kafinta (Ojo):
Ni ma bari in sa baki da nawa awon. Filawud ɗaya ƙafa 8 ne da ƙafa 4, wato santimita 244 da 122. A bodin da Injiniya ya faɗa, ba zai kwanta a ƙasa ba, sai dai ya hau kan tudun taya. Tsawon kuma ko ka buɗe ƙofar baya ka kwantar da ita, za ka samu wajen mita 2 ne, saura kusan santimita 40 yana lilo a waje. Sai ka ɗaura jan ƙyalle kana tafiya kana duba madubi. Kwanon rufi da katako dogo kuwa sai a saman keji. Na yi aiki da mai ƙofa huɗu ta wani maigidana, kullum sai an yi dabara kafin kaya su zauna. Ga mai sana'ar hannu, duk bodin da bai ci filawud a rufe ƙofa ba, bai gama zama motar aiki ba.

Injiniya (Ikeja):
Malam Kafinta ya kawo mu inda nake so. Akwai wata sabuwa da ta fi kama da abin da Baba ya kwatanta, Toyota Hilux Champ. An fitar da ita a Tailan a Nuwamban 2023, farashinta a can ya fara daga baht 459,000 na kuɗin ƙasar, wato an yi ta ne da gangan don 'yan kasuwa da manoma. Kujera biyu ce kawai. Bodinta a saman tayoyi yake, shimfiɗe, babu tudu ko ɗaya, kuma gefe biyu da baya duk suna buɗewa su kwanta. Mai dogon shasi tsawon bodinta ya kai kusan santimita 265, faɗi wajen 171.

Mu maimaita lissafin kiretin Alhaji. Huɗu a tsawo, 240. Huɗu a faɗi, 160. Kireti 16 a hawa ɗaya. Hawa biyu 32, ka ɗora 'yan kaɗan a hawa na uku. Ita ma wajen tan 1 take ɗauka, don haka maganar Bakanike a kan nauyi tana nan, kireti 40 da mutum biyu ya ɗan zarce. Amma dubi bambancin tsayin kayan, hawa biyu da rabi maimakon shida. Filawud ɗin Malam Kafinta kuma zai kwanta a rufe ƙofa har da sauran wuri.

Kuma lodi ta gefe ba ƙaramin abu ba ne a Mile 12. 'Yan dako uku za su iya jera kaya lokaci guda, ba sai ɗaya ya hau yana miƙa wa ɗaya ba.

Baban Ummi (Apapa):
Injiniya, a nan zan ja maka birki kaɗan, don aikina fitar da motoci ne daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can. Tailan sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyari a hagu, kuma doka ba ta yarda a yi wa mai sitiyari a dama rajista ba. Indonesiya ma, inda ake kiranta Rangga, a dama yake. Wadda ta dace da hanyarmu ita ce ta Filifin, can sunanta Tamaraw, sitiyari a hagu. Duk dillalin da ya ce zai kawo ta Tailan a juya sitiyari a nan, Alhaji ka guje shi. Juyin nan ana taɓa birki, ana taɓa wayoyi, ana huda inda kamfani bai huda ba. Motar da za ta ɗauki tan 1 kullum ba wurin gwaji ba ce.

Ta ƙasashen Larabawa da aka yi masa tayi, ta wannan ɓangaren ba matsala, hannunmu ɗaya da su. Sai dai ya tabbata farashin da aka faɗa masa har da kuɗin kwastan da na tasha, a rubuce.

Hajiya Mai Atamfa (Idi-Araba):
Sannunku da muhawara. Na ga duk maza ne ke magana, kuma duk kun taru a kan kujerun baya kamar ba su da amfani. Ni kuwa saboda su nake aiki da mai ƙofa huɗu. Ina ɗauko atamfa da leshi da shadda daga Balogun da Idumota, ina kai wa masu shaguna a Agege da Idi-Araba, wasu kuma in kai tasha a tura Kano. Kayana ba su da nauyin siminti, amma dila ɗaya ta fi kuɗin tumatir mota guda. Abu biyu nake tsoro, ruwa da hannu.

Ruwan Yuni da Yuli a garin nan kun san shi, ba ya sallama. Tamfol ko sabo ne, sai ruwa ya samu hanya ta ƙasa, ya taru a bodi. Leshi in ya jiƙe ya yi tabo, ya zama na ragi. Hannu kuma, duk wanda ya taɓa tsayawa a go-sulo da dare da kaya a buɗaɗɗen bodi ya san abin da nake nufi. An taɓa yanka min igiya aka zare ƙunshi guda ina zaune a gaba ban ji ba. Tun daga ranar, masu tsada a kujerar baya suke zama, a kulle, gilashi a rufe. Bodi na bar wa kwalaye da kayan da ba sa tsoron ruwa.

Na ji an ce Tasman ɗin tana da ma'ajiya a ƙarƙashin kujerar baya, wajen lita 33. Ga mai yawo da takardu da kuɗin ciniki, wannan abu ne. Don haka kar ku ce wa Alhaji kujerun nan asara ce kawai. Ya duba ko yana ɗaukar wani abu da ke son kulle.

Mai Tumatir (Mile 12):
Hajiya, Allah ya saka da alheri, Allah ya mayar miki da abin da aka ɗauka. Nawa kayan akasin naki ne. Tumatir iska yake so. In na rufe shi a cikin mota ko na lulluɓe shi da tamfol ruf da rana, kafin in kai Lekki ya fara ruwa. Rumfa nake buƙata a sama don rana da ruwan sama, gefe a buɗe. Shi ya sa ma nake fita da asuba. Ɓarawo kuma ba kasafai yake wahalar da kansa a kan kiretin attaruhu ba.

Ɗan Agege:
To ni har yanzu ban sauka daga kan Tasman ba, kuma ga dalilina. Champ ɗin da Injiniya ke yabo ƙafar baya kawai ke ja. Tasman akwai mai jan ƙafa huɗu, kuma kamfanin ya ce tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 80. Alhaji Lekki yake zuwa. Wa bai san yadda hanyoyin Lekki da Ajah ke zama ba in an kwana ana ruwa? Ranar da ƙananan motoci suka tsaya, shi zai wuce ya kai kayansa, masu otal su san da wa suke hulɗa.

Sannan mutum ba kasuwa kaɗai yake rayuwa ba. Sallah ta zo, ka ɗebi iyali ka kama hanyar gida, sama da kilomita 1,000 zuwa Kano. Da mai kujera biyu ina za ka sa uwargida da yara? Mota ɗaya ta yi maka aiki biyu, wannan ma ai lissafi ne.

Bakanike (Ladipo):
Maganar iyali gaskiya ce, ƙanena, ba wanda zai musa. Amma ta ruwa, a yi hattara. Santimita 80 ɗin nan a tafiyar da ba ta wuce saurin mai tafiya da ƙafa ba ne, a ruwan da ke kwance, a kan ƙasa da ka san babu rami. A Legas ruwa na rufe kwalbati, kuma babbar mota in ta wuce ka tana turo igiyar ruwa ta hau kan bonet. Sannan in ka yi mata lodin kilo 800 baya ya zauna, ba tsayinta na kamfani take ba. Inji in ya sha ruwa, ba gyara ba ne, sabon inji ne.

Wanda ya kai ni ga abin da ya fi damuna, kayan gyara. Ka shigo Ladipo ka ce fitilar Hilux, ko sifirin, ko gilashin gaba, kafin ka rufe baki an kawo maka kala uku, sabo da na Beljiyam. Motar da aka fara sayarwa a 2025 ba ta tsufa a ko'ina ba balle a yanka ta a kawo kayanta. Danfo ya goge maka fitilar baya a Oshodi, sai an yi oda daga waje. Mai motar gayu zai iya ajiye ta ya jira. Mai kayan gwari ba zai iya ba, kowace rana da ta kwana a gareji shata zai koma ɗauka, ga kuɗinsa a kwance.

Injin kuma iri biyu ne, fetur mai lita 2.5 da turbo, da dizal mai lita 2.2. Dizal na zamani ba ya haƙuri da gurɓataccen mai, nozul ɗinsa tsada gare su. Wanda zai saya ya san gidan man da zai riƙa sha, ya riƙa canja filta a kan lokaci.

Direba (Ketu):
Ni direban kai kaya ne, bari in faɗi abin da ke ba mu wuya a hanya. Tasman tsawonta ya haura mita 5.4, faɗi kusan mita 2. A titi ba komai, amma ƙofar bayan otal inda ake sauke kayan kicin yawanci lungu ne, ga janareta ga motar shara. Cikin Mile 12 kuwa da safe, inda tireloli da J5 ke sauke kaya, neman wurin juyawa kaɗai aiki ne. Kuma mota sabuwa mai ƙyalli a cikin kasuwa, kullum zuciyarka na kan fenti, ga baro ga amalanke.

Game da shimfiɗaɗɗen bodi da Injiniya ya kawo, akwai abin da za a sani. Tunda a saman taya yake, ya fi tsayi daga ƙasa. Mai ɗaga kireti zai ɗaga sama kaɗan, kuma nauyin yana zama a sama, sai a bi kwana a hankali. Amma duk da haka na fi son sa, don hawa biyu a kan bodi mai tsayi ya fi hawa shida a kan gajere kwanciyar hankali.

Sai masu tare hanya suna yankar tikiti. Da zarar sun hango kaya a buɗe sun taso. Wannan ko wace iri ka saya sai ka sa shi a lissafin kullum.

Alhaji Na Alaba Rago:
Ɗana Mai Tumatir, tunda ka ce a faɗa maka gaskiya. Kuɗin da za ka zuba a sabuwar mota mai ƙofa huɗu, ka raba shi. Ka nemi Dyna ko ƙaramar Kanta mai lafiya, ko Hilux mai ƙofa biyu, ka kai wa Bakanike ya duba kafin ka biya. Dyna za ta ɗauki kiretinka 40 ba tare da ta ji ba, gobe in kasuwa ta buɗe ka samu oda 60 ba sai ka yi sawu biyu ba. Ragowar kuɗin ka bar shi a jari. In iyali ne, ƙaramar mota ta ishe su. Motar kasuwa daban, motar gida daban, kar ka haɗa su wuri ɗaya ranar da ɗaya ta lalace duka biyu su tsaya.

Hajiya Mai Atamfa (Idi-Araba):
Baba, ba kowa ke da wurin ajiye mota biyu a Legas ba. Ni ɗaya ma da ƙyar nake samun inda zan sa ta a layinmu, sai na biya mai gadi. Ga inshora biyu, ga takardu biyu duk shekara. Ga irina, ɗaya mai yin duka ta fi sauƙi. Ga Alhaji dai na yarda, kayansa sun fi ƙarfin bodin nan.

Injiniya (Ikeja):
Ƙarin bayani don adalci ga motar. Kia ba mai ƙofa huɗu kaɗai ta yi ba. Akwai Tasman mai ƙofa biyu, akwai kuma wadda ake sayarwa kai da shasi kawai, mai saye ya ɗora bodin da ya ga dama. A Ostireliya masu sana'ar hannu haka suke yi, su sa shimfiɗaɗɗen bodi na alminiyam mai buɗewa ta gefe. In Alhaji ya nace sai ita, wannan ya kamata ya tambayi dillalinsa, ba wadda aka turo masa hotonta ba. Da shasi kawai, mai walda zai yi masa bodi daidai awon kiretinsa, da rumfa a sama gefe a buɗe yadda ya ce. Matsalar kayan gyara da Bakanike ya faɗa dai tana nan.

Mai Tumatir (Mile 12):
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mai ƙofa huɗu dai na ajiye maganarta, hawa shida na tumatir ba abin da zan yi ba ne. Ɗan Agege ka yi haƙuri, na san don alheri ka faɗa. Zan tambayi dillalin farashin mai ƙofa biyu da kuma ta shasi kawai, har da kwastan a rubuce kamar yadda Baban Ummi ya ce, in kwatanta da Hilux mai ƙofa biyu da Dyna. Malam Bakanike, in ba damuwa ranar Asabar bayan azahar zan biyo ta Ladipo mu wuce kasuwar motoci ta Berger tare mu duba abin da ke ƙasa.

Bakanike (Ladipo):
Ba damuwa, Alhaji, Allah ya kai mu. Ka taho da kireti huɗu marasa komai da tef, duk wadda muka gani mu jera su a ciki a gaban mai ita. In ta hannu ce, ni zan shiga ƙarƙashi in duba shasi ko an taɓa yi masa walda, in ƙirga ganyen sifirin. Wanda aka ƙara wa ganye, an sha yi mata obalodi ne, za mu wuce ta. Ka kuma zo da direban da zai riƙa jan ta, ya zauna ya gwada juyawa da ita a cikin layi.